A Sauka Daga Kat-kat, A Taka Dutsin Adar

Tun bayan farin 1973, babu gwamnatin da ta hau karagar mulki a Yamai ba ta yi mana alkawali biyu ba: yaƙi da gurgusowar hamada, da bunƙasa yawon buɗe ido. Soja sun faɗa, farar hula sun maimaita. An yi taron Maraɗi a 1984 an sha alwashi, an yi babban taron ƙasa a 1991 an sake sha. Kowace ranar 3 ga Agusta magabata sukan sa farar riga, su durƙusa gaban kyamara, su dasa icce guda, a miƙo musu buta su wanke hannu. To, muna da tambaya ɗaya, kuma ba ta buƙatar kwamiti: a cikin masu wannan alkawali, mutum nawa ne ya taɓa barin kat-kat ɗinsa a bakin kwalta, ya bi turbar jakai da ƙafarsa daga kan fakon Adar, ya gangara ta kwazazzabo har cikin kwarin Keita? Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mu kuwa an daɗe ana mulkinmu da ji.

Bari mu gaya wa mai karatu abin da ke cikin wannan tafiya, don kada a ce muna kuka a kan tsakuwa. Wanda ya bar Tawa ya nufi gabas, wajen Tamaske da Keita, zai fara da fako: shimfiɗaɗɗen tudu mai jar marmara da baƙar tsakuwa, sai geza da sabara da anza jefi-jefi. Yana cikin tafiya ƙasa za ta yanke a gabansa, ya ga kwari a ƙarƙashinsa, wani wurin zurfin ya kai mita 100 ko ya fi, da gonakin gero da dawa, da gawo tsaye cikinsu, da korama tana murɗawa kamar maciji. Idan ya kama gangara, dutsen da kansa zai dinga buɗe masa shafi bayan shafi. A sama akwai dutsen yashi mai jinin ƙarfe. Ƙasa da shi akwai farin dutse, irin wanda ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti, kuma a cikinsa yaro mai kiwon awaki yakan tsinci ƙwanson halittun teku da suka zama dutse. Masana ƙasa sun tabbatar teku ya taɓa kwanciya a nan fiye da shekara miliyan 55 da suka wuce. A Ibesetan, can gaba da Tawa, an haƙo ƙasusuwan kifaye da kadoji da kunkuru na zamanin da ya fi wannan nisa. Ikon Allah ke nan a shimfiɗe, ba kuɗin shiga, ba mai gadi, amma ɗan lakkol na Tawa ya fi sanin sunan duwatsun Faransa.

Waɗannan kwazazzabai kuma gidan tarihi ne. Labarin kaka da kakanni ya ambaci Aznan ramu, mutanen farko da suka zauna cikin kogunan dutsen. Daga wannan dutse maƙeran Adar suka haƙi tama suka narka ƙarfe, har Nicole Echard ta ɗauki aikin nasu a fim a shekarun 1960. A cikin waɗannan kwaruruka Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya kafa sarautar Adar wajen ƙarshen ƙarni na 17. Farfesa Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa tun 1975, kuma jami'ar Tawa tana ɗauke da sunansa. Sai mu tambaya: ɗalibi nawa na wannan jami'a aka taɓa kai wa ya ga wuraren da littafin ya ambata?

Amma babban abin da mai tafiya zai gani ya fi teku da sarauta kusa da mu. Zai ga itatuwa a jere a gefen dutse, inda hankali bai ba da icce ya tsira ba. Zai ga ramuka masu siffar rabin wata, da dogayen kunyoyi na dutse da ke tare ruwa a kan fako, da shingayen dutse cikin ragar waya da aka gitta a bakin korama. Babu ɗaya daga cikinsu da ya faɗo daga sama. A 1984, shekarar da yunwa ta watsa garuruwa, aka buɗe furojen Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO tana jan aiki, hukumar cimaka ta duniya tana ba da awo. Cikin shekara ashirin an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 30,000. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara jera dogon yaro don kare gonaki daga iska, har layukan suka kai ɗaruruwan kilomita. A Illela da Badagishiri manoma sun ɗauki dabarar tassa a ƙarshen shekarun 1980, bayan wasunsu sun je Yatenga ta Burkina Faso sun gani da idonsu, suka mai da fakon da aka yafe gona.

Wa ya ɗauki dutsen? Kowa a Adar ya san amsa. Mazaje sun tafi bida, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya. Mata ne suka fi yawa a filin aikin Keita. Su suka fasa marmara da diga, suka ɗauko dutse a ka, da goyo a baya, cikin rana mai narka kitse, a kan ladan awon cimaka na yini. An kawo baƙi daga ƙasashe sun yi kallo, an ɗauki hoto, an yi jawabi a manyan tarurruka ana kiran Keita abin koyi ga Sahel duka. Kakannin matan nan sun fasa dutse a aikin tilas na Nasara har aka soke shi a 1946. Jikokin sun sake fasa shi don tiyar hatsi. Ƙasa ta samu daji a farashin da ba a sayen ko akuya da shi, kuma abin da aka samu a arha shi ake wulaƙantawa.

Ga yadda wulaƙancin yake, ga wanda bai sani ba. Shingen dutse ba ya rushewa rana ɗaya. Waya takan yi tsatsa ta tsinke a kusurwa guda, damina ta zo ruwa ya sami ƙofa, ya ci gefe, badi ya zagaye shingen gaba ɗaya, shekara ta uku korama ta koma haƙar gonar da aka ƙwato daga bakinta. Gyaran da mutum goma za su yi cikin mako guda ya zama aikin katafila da miliyoyin sefa. Yashin da ruwa ya kwaso kuma ba ya ɓacewa: yana sauka cikin madatsai irin na Ibohaman, yana cinye wurin ruwan da masu albasa da tumatir ke jira. A can sama gatari yana aikinsa, domin birnin Tawa da itace yake dafa tuwo, kuma kowane kamiyo da ya shigo gari da lodi daga wani tudu ya fito. Ba mu zargin matar da ta sari reshe don ta dafa wa ɗiyanta. Muna zargin tsarin da ya iya karɓar kuɗin takardar itace a bakin hanya amma bai iya sayen waya ya ɗaure shinge ba. Tun da masu ba da kuɗi suka naɗe tabarmarsu, wace gwamnati ce ta ware wa gyaran waɗannan ayyuka kaso tsayayye a kasafinta, shekara bayan shekara? In akwai, a buga lissafin, shafin jaridar nan a buɗe yake.

Ba a rasa dama ba. Ɗan jahar nan, Mahamadou Issoufou na Dandaji, ya riƙe ƙasa daga 2011 zuwa 2021. A Disamba 2017 aka yi bikin Tawa Sakola, aka zuba biliyoyin sefa a birni, aka shimfiɗa kwalta, aka ta da gine-gine, aka kunna fitilu. Ba mu ƙi ba, birni ya cancanta. Amma a nuna mana turba guda da aka share aka sa mata alama a Dutsin Adar albarkacin wannan biki. A nuna mana allo guda a bakin wani kwazazzabo mai ɗauke da sunan garuruwan da matansu suka dasa dajin. An yi wa gida fenti, an bar rumbu yana yoyo. Waɗanda suka gabace shi ba su yi ba, waɗanda suka biyo baya ma muna jiran mu gani.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce ƙasa tana cikin yaƙi, wa ke zancen yawo a dutse? Ba mu manta ba. An sace wani Ba'amurke a Abalak a 2016. An kashe mutum takwas a Kure a 2020, shida Faransawa, biyu ƴan ƙasa. A Maris 2021 an hallaka mutum fiye da 130 a garuruwan yankin Tiliya, a arewacin wannan jaha tamu. Wanda ya ce a kawo baƙi su yi ta yawo inda ba tsaro, bai san darajar rai ba. Sai dai wannan hujja tana tsayawa ne in an ɗauka cewa yawon buɗe ido sai da Bature. Wannan tunani shi ya cuce mu tun farko. Shekara da shekaru motocin baƙi suna bin hanyar yuraniyom, su sha mai a Tawa su wuce Agadas, mu kuma muna ɗaga musu hannu. Da tawayen 1990 ya tashi suka ɗauke ƙafa, bayan sulhun 1995 suka dawo, tawayen 2007 ya sake korarsu. Dubi Bandiyagara ta Mali, dogon dutsen yashi na ƙasar Dogon, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1989. Can baƙi sukan yi kwanaki suna tafiya a ƙasa daga gari zuwa gari, ƴan jagora da masu masauki suna ci. Da rikicin 2012 ya ɓarke, kasuwar ta mutu kamar an hure fitila. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ran da aka yi faɗa da yunwa zai kwana.

Saboda haka mai tafiyar da Dutsin Adar ke buƙata yana nan cikin gida. Na farko shi ne mai mulki. Gwamna, da perfe, da waɗanda aka ɗora bisa kominoni tun da aka rushe zaɓaɓɓun majalisu a 2024, da shugabannin ma'aikatar gandun daji: kowannensu ya ware yini guda bayan kaka, ya bi korama guda daga kanta har gindinta, tare da mai gari da matan da suka yi aikin, a ƙirga shingen da ya tsaya da wanda ya faɗi, a rubuta, a karanta a rediyon jaha da Hausa da Tamajak. Rahoton da aka rubuta a biro ƙarƙashin fanka yana iya yin ƙarya. Ƙafar da ta yi tuntuɓe da tsinkakkiyar waya ba ta yi.

Na biyu shi ne ɗalibi. Daga Tawa zuwa Keita bai fi tafiyar kilomita 70 da ɗoriya ba. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kowace makarantar sakandare tana iya kai aji guda, inda jami'an tsaro suka tabbatar da lafiyar hanya. Malamin kimiyyar ƙasa ya nuna musu ƙwanson teku a cikin farin dutse, malamin tarihi ya nuna musu kogo da kashin maƙera, wata tsohuwa ta nuna musu iccen da ta dasa da hannunta a shekarar yunwa. Yaron da ya ga haka, ko ya zama minista ba zai sa hannu a sare dajin ba sai gabansa ya faɗi.

Na uku shi ne ɗan birni da ɗan bida. Ma'aikacin da ke kashe hutunsa a gindin shayi, da ɗan kasuwar da ya dawo daga Abijan da kuɗin gina bene, su ma suna da haƙƙin sanin ƙasarsu. Abin da ake buƙata kaɗan ne: turba biyu ko uku da aka zaɓa tare da mutanen gari, tulin duwatsu masu farar ƙasa don nuna hanya, rumfa da randa a inda ake hutawa, samarin gari a matsayin ƴan jagora da farashi sananne. Kuɗin da aka karɓa ya shiga asusun garin, a sayi waya da shi, a biya masu gyara da kuɗi a hannu, a daina biyansu da awo. Dukan wannan bai kai kuɗin taron bita guda a otal ɗin Yamai ba. Idan Allah ya kawo zaman lafiya baƙi suka dawo, su tarar da turba da masu ita, su biya kamar kowa.

Sharaɗi ɗaya muke gindayawa tun yanzu. Kada wani mai dogon hannu ya ji wannan magana ya ruga ya samo takardar mallakar bakin kwazazzabo, ya kewaye shi da waya, ya hana makiyayi hanya da mace itacen girki, ya ce yana raya yawon buɗe ido. Dokar karkara ta 1993 ta san da haƙƙin manomi da na makiyayi. Dajin nan yana da masu shi, kuma har yanzu wasunsu suna da rai, da tabon dutse a tsakar kansu.

Matan Keita sun hau dutsen nan da kaya a ka, kullum, shekara da shekaru. Ba mu roƙi magabata su ɗauki ko tsakuwa ba. Mun ce su hau sau ɗaya, hannu sake, su duba. Wanda gwiwarsa ta kasa wannan, ya yi mana shiru ran 3 ga Agusta, ya bar buta ga mai alwala.