Su wa za su rage a unguwar Sinawa ta George Town?

A 1786 Francis Light ya kafa garin George Town a tsibirin Penang na ƙasar Malesiya ta yau, da sunan kamfanin cinikin Ingila na Gabashin Indiya. Ba a daɗe ba Sinawa suka yi ta kwararowa, akasarinsu daga lardin Fujian. Suka gina gidaje masu bene, kanti a ƙasa, iyali a sama. Talakawansu kuwa, 'yan dako da matuƙa kwalekwale, suka kafa gidajen katako a kan turaku cikin teku, kowace zuriya da mashigarta: ta Chew, ta Lim, ta Tan. Zuriyar Khoo ta kammala babban zaurenta a 1906, yana nan tsaye har yau.

Abin da ya riƙe unguwar shekara da shekaru shi ne dokar ƙayyade kuɗin haya ta 1966. Saboda ita maƙeri da mai sassaƙa allon kanti da mai haɗa turaren ibada suka iya zama a tsakiyar gari. Da dokar ta daina aiki a farkon 2000, haya ta tashi, 'yan haya suka fara kwashe kayansu. A 2008 hukumar UNESCO ta sa garin, tare da Melaka, cikin wuraren tarihi na duniya. Masu yawon buɗe ido suka cika tituna, gidajen zama da yawa suka koma otal da shagunan shan kofi. Gida bai ƙoshi ba, an kai wa dawa.

Masu gidajen suna da hujjarsu: hayar da aka danne ba ta isa gyaran rufi, gine-gine da dama sun lalace a lokacin. Gaskiya ne. Sai dai a ganina maganin shi ne gwamnatin jihar ta ɗaura tallafin gyara da sharaɗi: wanda ya karɓi kuɗin jama'a ya bar ɗan hayarsa na asali a kan farashi mai sauƙi na wasu shekaru. Ginin da ya tsage, magini zai gyara shi. Sana'ar da mai ita ya tashi bai bar almajiri ba, ta tafi ke nan. UNESCO da kanta ta ambaci al'adun da mazauna ke rayawa cikin dalilan karrama garin, kuma mazaunan nan su ne haya ke kora.