Manyan Jif-Jif Da Tsadar Fetur: Wa Ke Biyan Kuɗin?

Daga Wakilinmu na Arewa, Kaduna

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Ahmadu Bello a nan Kaduna, ko kuwa a gadar Falomo can Ikko da misalin ƙarfe biyar na yamma, abu guda zai gani: manyan motocin nan da muke kira jif, baƙaƙe wul, gilasai a rufe, suna bin juna kamar raƙuma a ayari. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun san su ciki da waje, don kuwa waɗansunku ne ke tuƙa su, waɗansu ke wanke su, waɗansu kuma ke buɗe musu ƙofa da tsakad dare a Ikoyi da Lekki. Akwai kuma waɗanda Allah ya buɗa wa a Mile 12, ko a mayankar Agege, ko a Sabo ta Badun, suna ta tara kuɗi don su shiga gida da irinta ran Salla. To, tun da fetur ya zama abin da ya zama, ya kamata mu zauna mu yi wa motocin nan lissafi.

Mai karatu zai tuna cewa ran 29 ga Mayu 2023 ne Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin ranar, lita ba ta kai Naira 200 ba a gidajen mai na gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta doshi Naira 500 a Ikko, ta wuce haka a Arewa, saboda mu sai an ɗauko mana mai a tanka tun daga bakin teku. A watan Oktoba 2024 lita ta kai Naira 998 a Ikko, ta kai 1,030 a Abuja. Ta ɗan sauko a shekarar 2025 bayan matatar Dangote ta shigo kasuwa, amma ba ta ko kusanci farashin da ba.

Ana cikin wannan hali ne, a watan Oktoba 2023, labari ya ɓulla cewa Majalisar Tarayya za ta saya wa 'ya'yanta jif-jif na Toyota. Wakilai 360 ne, dattijai 109, watau mutum 469 ke nan. Jaridu suka ruwaito cewa kowace mota ta Wakilai za ta ci kimanin Naira miliyan 160, jimla Naira biliyan 57.6. A lokacin mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 ne a wata. In ka raba, ƙaramin ma'aikaci sai ya yi shekara 444 bai ci ba bai sha ba kafin ya haɗa kuɗin mota ɗaya. Jama'a suka yi ca, ƙungiyar SERAP ta kai ƙara kotu, amma dai aka sayi motoci aka raba.

Hujjar da 'yan Majalisa suka kawo iri biyu ce. Ta farko, hanyoyin ƙasar nan sun lalace, ƙaramar mota ba za ta kai su mazaɓunsu ba. Ta biyu, ministoci ma ai da irinsu suke yawo, har fiye da ɗaya. Kafin mu auna wannan magana, bari mu fara sanin ita kanta motar, domin sunan jif da muke yi wa kowace doguwar mota ya ɓoye bambanci mai yawa.

Jif iri biyu ce. Akwai ta ainihi, wadda aka ɗora bodinta a kan shasi na ƙarfe mai kama da tsani, kamar yadda ake ƙera babbar motar kaya. Land Cruiser, da Prado, da Lexus LX da GX, da Mercedes G, duk wannan gida suke. Suna da tsawo daga ƙasa, ƙafafunsu huɗu duka suna ja, kana suna da giya ta musamman ta hawan dutse da fita daga taɓo. An yi su ne don jeji, daga baya aka ƙawata cikinsu da kujerun fata, da na'urar sanyi ta gaba da ta baya, da firji, da talabijin. Nauyin Lexus LX 570 ya kai tan biyu da rabi da ɗoriya tun ba a sa ko buhu ɗaya ba.

Iri na biyu kuwa, asalinta ƙaramar mota ce aka ɗaga ta sama aka faɗaɗa bayanta. Bodi da shasi a haɗe suke, saboda haka ba ta da nauyi sosai. Toyota RAV4 da ta fito a 1994, da Lexus RX da ta fito a 1998, da Highlander, da Honda CR-V, su ne wannan jinsi. A ido jif ce, amma a tuƙi da shan mai ta fi kusa da Camry. Tana tsallake ramukan kwalta da ruwan saman Ikko, sai dai ba a shiga fadama da ita.

Yanzu ga lissafin mai. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana fitar da awon shan mai na motocin da ake sayarwa can, kuma da yake yawancin tsofaffin motocin da ke shigo mana daga can suke, awonta zai yi mana amfani. In aka juya shi zuwa lita da kilomita, Lexus LX 570 mai injin silinda takwas tana yin kimanin kilomita 6 da lita ɗaya. LX 600 da ta gaje ta, mai silinda shida, tana yin wajen kilomita 8. Lexus RX 350 mai silinda shida, wadda ta cika kasuwar Berger a Apapa, tana yin tsakanin 9 da 10. RAV4 mai haɗa fetur da baturi kuwa tana yin kusan kilomita 17.

Daga Ikko zuwa Kano ta Badun, Ilori, Jebba, Mokwa da Kaduna, kimanin kilomita 1,000 ne. Mu sa lita a Naira 1,000 don sauƙin lissafi. Mai LX 570 zai ƙona lita 167, watau Naira 167,000, zuwa kawai. Mai RX 350 zai ƙona lita 105 ko kusa da haka. Mai RAV4 mai baturi ba zai wuce lita 60 ba. Zuwa da komowa, babbar jif ta lashe Naira 334,000, watau kusan albashin wata biyar na ma'aikacin da ke kan Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yuli 2024. Tankin sabuwar Land Cruiser lita 110 yake ci, cika shi sau ɗaya ya fi albashin wannan bawan Allah na wata guda.

Wannan fa awon Turawa ne a hanya mai kyau. A cunkoson Oshodi ko na Apapa abin ya fi haka muni. Mota mai nauyi ta fi shan mai a lokacin tashi daga tsaye, kuma a cunkoso sai ta tashi ta tsaya sau ɗari kafin ta yi kilomita ɗaya. Direbobinmu sun san wata ɓarnar kuma: maigida ya shiga taro, ya ce a bar inji a kunne da sanyi don kada mota ta yi zafi, awa biyu awa uku inji na cin mai mota ba ta motsa ba. In kuma an sa mata sulken da harsashi ba ya hudawa, nauyi ya ƙaru, shan mai ya ƙaru, birki da taya su riƙa cinyewa da wuri.

To, mu koma kan hujjar Majalisa. Gaskiya ne hanyoyi sun lalace. Wanda ya bi Jebba zuwa Mokwa da damina ba sai an ba shi labari ba, gadar Tatabu ma da ke wannan hanya ruwa ya karya ta a 2017. Gaskiya ne kuma akwai aikin da sai Land Cruiser: masu rigakafi da ke shiga rugage, da masu kai agaji a Barno, da injiniyoyin da ke duba madatsun ruwa. Amma Majalisar Wakilai ta takwas Peugeot 508 ta saya, ta tara kuma Toyota Camry, dukkansu ƙananan motoci, kuma a kan waɗannan hanyoyi suka yi zamaninsu. Bugu da ƙari, su wa ke zartar da kasafin kuɗin gyaran hanya, su wa ke da alhakin bin sawunsa? Idan mai rabon kuɗin ya sayi motar da ba ta jin rami, ranar da zai tuna da ramin ta yi nisa. Wanda ya ji zafin rana shi ke neman inuwa. Hujja ta biyu kuwa, cewa ministoci ma suna yi, ai nuni ce cewa ɓarnar ta fi yadda muke zato.

Dattawan cikinmu za su tuna ba haka aka faro ba. A 1975 aka buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kakuri nan Kaduna, da na Volkswagen a Ikko. Janar Murtala Muhammed, ran 13 ga Fabrairu 1976 da aka harbe shi a Ikoyi, yana cikin cunkoso ne kamar kowa, ba jiniya ba ayari. Gwamnatin Janar Obasanjo da ta biyo baya ta ɗauki tsarin rage alfarma, har Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ta zama motar manyan gwamnati tun daga sama har ƙasa. Kuɗin da aka kashe a kanta yana komawa aljihun ma'aikatan Kakuri, kuma kowane bakanike daga Sakkwato zuwa Fatakwal ya san ciwonta da maganinta. Da Naira ta karye bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, 'yar Kwatano ta cika gari, masana'antun suka yi ta ja da baya.

A 2003 gwamnati ta ce ta daina saya wa jami'anta motoci, za ta riƙa ba su kuɗi su sayi nasu. Dabara mai kyau ce, don mutum in da kuɗinsa zai sayi mai, da kansa zai nemi mota mai tsimi. Amma sai aka ɓullo ta bayan gida, aka ce motocin aikin kwamiti ne, ko na ofis ne. Nan ne gizo ke saƙar. Wanda ya zaɓi motar daban, wanda ke biyan kuɗin manta daban. Ga kuma dala: babu ɗaya daga cikin manyan jif ɗin nan da ake ƙerawa a nan, kuma bayan an saki Naira a watan Yuni 2023 dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kowace jif da gwamnati ta shigo da ita, dala ce ta fita wadda mai masana'anta da mai shigo da magani ke layi a kanta. Alhali ga Innoson yana harhaɗa motoci a Nnewi, ga kuma kamfanin Peugeot na haɗin gwiwa da Dangote da ya fara aiki a Kaduna a 2022.

A watan Mayu 2024 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta umarci ma'aikatu su riƙa sayen motoci masu aiki da iskar gas. Iskar ta fi fetur araha, kuma muna da ita da yawa a ƙasa. Amma mota mai gas sai inda akwai gidan gas, kuma shirin daga Kudu da Abuja ya faro. Samuwarta a wadace a Arewa ya rataya ne ƙwarai a kan bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Umarni a takarda kuwa ba a gane ƙarfinsa sai an duba abin da ke fake a harabar ma'aikatu.

Ga ɗan'uwa da ke shirin sayen tasa da guminsa, shawara kaɗan ce. Ya fara tambayar kansa inda zai fi bi da ita. In tsakanin Agege da Idumota ne, da tafiya gida sau biyu a shekara, ƙaramar jif mai silinda huɗu ta wadatar. Mai baturi ta fi kowace tsimi a cunkoso, domin injinta yakan mutu da kansa in an tsaya, amma in tsohuwa ce sai a kai ta wurin mai na'ura ya auna lafiyar baturin kafin a biya, don canja shi kuɗi ne mai yawa, kuma ba kowane bakanike ya iya taɓa ta ba. Sababbin injina masu turbo suna son mai mai tsabta da baƙin mai na ƙwarai a kan lokaci. Ba mu manta gurɓataccen fetur da ya kashe motoci a Ikko da Abuja a watan Fabrairu 2022 ba. Ya kuma leƙa Ladipo ya ji kuɗin taya huɗu da fitila ɗaya kafin ya yi ciniki. Ba sayen doki ke da wuya ba, ciyawarsa. Mun sha ganin wanda ya shiga gari da babbar jif ran Salla ana ta yi masa barka, kafin wata Sallar ta zagayo tana kan duwatsu a ƙofar gida, jarin albasa kuma ya tafi.

Wanda ya sayi tasa da kuɗinsa, shi da aljihunsa. Amma wadda aka saya da kuɗin jama'a, jama'a na da ikon tambaya. Duk bayan shekara huɗu sabuwar Majalisa takan zo da sabon cinikin motoci, gwamnatocin jihohi ma haka. In masu neman ƙuri'a sun zo Sabo ko Idi-Araba gaida Sarkin Hausawa, ko sun same ku a gida lokacin zaɓe, ku tambaye su wace mota za su hau, a ina aka ƙera ta, nawa ne kuɗinta, kuma wa zai zuba mata mai. Mutanen da aka ce su yi haƙuri da lita a Naira 1,000 sun cancanci a ba su amsa. Allah ya sa mu dace.