Daga Marwa zuwa Alƙahira: Wa zai gaji usur ɗin Alioum?

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 19 ga watan Yulin 2019 ne aka buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a birnin Alƙahira, inda Aljeriya ta doke Senegal da ci ɗaya da nema. Wanda ya riƙe usur a daren shi ne Alioum Sidi, haifaffen Marwa a arewacin Kamaru.

Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, ƙwallo ta taɓa hannun Adlène Guedioura na Aljeriya a cikin da'irar gidansu, Alioum kuwa ya nuna bugun daga kai sai mai tsaron gida. Da aka kira shi ya duba na'urar VAR, wadda a shekarar ce aka fara amfani da ita a gasar, sai ya soke hukuncin da ya yanke da kansa. 'Yan Senegal sun ji zafin abin, to amma aikin alƙali ke nan: tsakanin gaskiya da girman kai, dole ya ɗauki gaskiya.

Ba a dare ɗaya Alioum ya kai wannan matsayi ba. An haife shi a 1982, ya samu bajon FIFA a 2008, shekarar da ƙungiyar Coton Sport ta Garwa ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun kulob-kulob na Afirka. Ya busa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Meziko a 2011, ya halarci gasar kofin Afirka ta 2012, sannan ya je gasar kofin duniya ta 2014 a Birazil a matsayin alƙalin ko-ta-kwana. Kafin duk wannan, a filayen cikin gida ya koyi aikin, inda rana ke dukan mutum, 'yan kallo kuma ke tsaye dab da layi.

A nan ne gizo ke saƙar. FIFA ba ta yawo ƙauyuka tana neman alƙalai. Hukumar ƙwallon ƙafa ta kowace ƙasa ce ke miƙa mata sunaye duk shekara, bayan an gwada gudunsu da saninsu na dokokin wasa. Ke nan duk yaron da ke busa wasan unguwa a Maga ko Yagwa ko Kuseri, sai ya bi ta gasar yankinsa, ya hau rukuni na biyu, ya kai na ɗaya, kafin hukumar FECAFOOT ta tuna da shi. Idan matakalar farko ta karye, babu mai kaiwa saman bene.

Tarihin Abraham Klein na Isra'ila ya nuna cewa ƙwarewa kan ɗaga mutum ko da ƙasarsa ba ta yi fice a ƙwallo ba. Shi ya busa wasan Birazil da Ingila a 1970, da wanda Italiya ta doke Birazil da ci 3 da 2 a 1982. Amma bai je gasar 1974 a Jamus ta Yamma ba, saboda fargabar tsaro bayan harin Munich na 1972. Ashe makomar alƙalin wasa ba a bakin usur ɗinsa kaɗai take ba.

Arewacin Kamaru ba ta rasa komai ba ta fuskar suna. Marigayi Issa Hayatou, ɗan Garwa, ya shugabanci hukumar CAF daga 1988 zuwa 2017. Filin Roumdé Adjia ya karɓi baƙuncin rukunin Nijeriya a gasar kofin Afirka da aka buga a farkon 2022, kuma a nan ne Maguette Ndiaye na Senegal ya ba Alex Iwobi jan kati a wasan da Tunisiya ta fitar da Super Eagles. Duk da haka, a cikin alƙalan tsakiya da Afirka ta tura gasar kofin duniya ta 2018 da ta 2022, babu ɗan Kamaru ko ɗaya.

Abin tambaya shi ne, wa ake renon ya maye gurbin Alioum? Ana kashe maƙudan kuɗi a kan filaye da 'yan wasa, amma ba a cika tuna alƙali ba sai ranar da ya yi kuskure. Wanda ba a biya shi haƙƙinsa a kan lokaci ba, an buɗe wa masu cin hanci ƙofarsa. Wanda kuma ba shi da jami'an tsaro a bayansa, da wuya ya yanke hukuncin da zai ɓata wa masu masauki rai.

Saboda haka ya kamata rassan FECAFOOT na Garwa da Marwa da Ngaundere su ɗauki horar da matasan alƙalai da muhimmanci, su biya su kuɗin wasa ba tare da jinkiri ba, su kuma hukunta duk ƙungiyar da magoya bayanta suka ɗaga wa alƙali hannu. Hausawa na cewa da sanyin safiya ake kama fara. Allah Ya sa masu riƙe da ragamar su ji, su kuma gyara.