Man Daddoya: Mu San Abin Da Ke Cikin Kwalba Kafin Mu Saro

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin kasuwar Aboabo ta nan Tamale da Paga ko Bawku ko Sinkase ya ga yadda 'yan ƙananan kwalaben man ganye suka shigo cikin hajarmu. Mai saye ya shinshina, ya ji ƙamshi, ya biya. Mu kanmu da hanci muke sarowa, kuma a ganinmu hanci ya yi kaɗan.

Mu ɗauki daddoya, wadda Asantawa ke kira nunum. Masana sun daɗe da gano cewa man ganyenta ba iri ɗaya ba ne. Wata daddoyar sinadarin yujinol ne ya fi yawa a manta, wato abin nan da ke ba kanumfari ƙamshi da yaji. Wata kuwa taimol ne ya rinjaya, kuma ita aka fi samu a binciken da aka yi a Togo da Benin. A ido duk daddoya ce. Hatta lokacin da aka yanki ganyen da yadda aka shanya shi suna sauya ma'aunin. Ke nan kwalba biyu masu suna ɗaya na iya zama kaya biyu daban.

Sannan wannan mai ba ruwan ganyen da iyayenmu mata ke dafawa ba ne. Da tururi ake tatso shi, kuma kilo 100 na ɗanyen ganye da ƙyar ya ba da lita 1. Saboda wannan ƙarfi nasa, man kanumfari mai yujinol ya sha lalata hantar yaran da suka kurɓe shi. To, ina dalilin da za mu ce wa mai goyo ta ɗiga wa jariri a baki?

Ƙarancin man ne kuma ke kawo algus. Idan aka kawo mana shi da arha, mu ɗiga a farar takarda: na gaskiya zai bushe, wanda aka sirka da man gyaɗa zai bar maiƙo. Amma takarda ba ta faɗin sinadari, wannan aikin ɗakin gwaji ne.

Akwai masu cewa rajista kashe kuɗi ce kawai. Mun yarda da tsada, amma ba ta kai asarar kayan da aka ƙwace a boda ba. Gana na da dokar magungunan gargajiya tun shekarar 2000, dokar lafiyar jama'a ta 2012 kuma ta ɗora wa hukumar FDA rajistar irin wannan kaya. Cibiyar binciken magungunan itatuwa ta Mampong, wadda aka kafa a 1975, tana gwaji. Idan ɗan kasuwa guda ba zai iya ba, shugabannin ƙungiyoyinmu su haɗa kuɗi a aika samfur, mai kawo kaya kuma ya nuna mana lambar rajista kafin a yi ciniki.