Tutar Jiha Ba Tutar Masarauta Ba Ce

Jama'a, akwai wata sabga da ta kunno kai a shafukan sada zumunta wadda bai kamata a yi shiru a kanta ba. Wasu matasa sun duƙufa zana wa jihohin Nijar takwas tutoci da tambura, kowa yana ɗora alamar masarautar kakanninsa a kan jiha sukutum. Suna cewa kishin gida ne. Ni kuwa ina ganin wasa da wuta ne a gindin rumbu.

A tarihinmu tuta mubaya'a ce. Tun jihadin 1804, duk wanda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya miƙa wa tuta, irin su Modibbo Adama da Buba Yero, ya karɓi umarni ne, kuma duk garin da aka kafa ta ya san wa yake bi. Wanda ya san haka ba ya zana tuta don nishaɗi.

To, wace masarauta za a ɗora wa jihar Maraɗi? Katsinawan Maraɗi, ko Gobirawan Tsibiri, ko Tasawa? A jihar Doso akwai Zabarmawa, akwai Arawan Dogondutsi, akwai Dandawan Gaya. Jihar Damagaram ta haɗa Damargu da Muniyo. Iyakar jiha hukuma ce ta shata don sauƙin mulki. Ranar da aka fifita tambarin gida ɗaya, an mayar da sauran baƙi a ƙasar haihuwarsu.

Magabata sun fi mu hangen nesa. Tutar ƙasa da aka amince da ita ranar 23 ga Nuwamba 1959 ba ta ɗauke da alamar sarkin kowa. Tambarin ƙasa kuwa rana ce, da zangarniyar gero uku, da kan sa, da mashi tsakanin takubba biyu. Manomi da makiyayi kowa ya ga kansa a ciki.

In dai dole sai jiha ta yi alama, a nemo abin da ke ciyar da kowa ko yake ɗaga sunan kowa: albasar Galmi a Tawa, tattasan Difa, jar akuyar Maraɗi, hasumiyar masallacin Agadas, raƙuman dawan Kure a Tilaberi. A zauna da sarakuna da malamai da mata da makiyaya kafin a ja layi ɗaya. Tambarin sarauta kuma a bar shi a ƙofar fada, inda yake da ma'anarsa da masu kaɗa shi.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.