RA'AYINMU: Jiran Ubangiji A Lokacin Da Gwiwa Ta Yi Sanyi

Duk wanda ke halartar taron addu'a na tsakiyar mako a majami'unmu na Samaru da Sabon Gari ya san irin roƙe-roƙen da 'yan'uwa ke kawowa. Wannan ɗansa ya gama karatu shekara da shekaru babu aiki, waccan kuɗin haya ya gagare ta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mota daga Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari kaɗai ya isa ya sa uwar gida tunani. Kafin nan, a 2022, yajin aikin malaman jami'a ya rufe Jami'ar Ahmadu Bello har wata 8, masu ɗakunan haya da masu sayar da abinci a Samaru suka ji a jikinsu. Tambayar da ke bakin masu bi da yawa ita ce, har yaushe?

Ba za mu yi wa kowa alkawarin rana ba, gama lokatai suna hannun Allah. Amma ya kamata mu tuna yadda bishara ta kafu a ƙasar Zazzau.

A 1900 Bishop Tugwell da abokan tafiyarsa, har da Likita Miller, suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Suka dawo Girku, ɗaya daga cikinsu ya rasu a can. Sai a 1905 Likita Miller ya sami zama cikin birnin Zariya, ya yi ta jinyar marasa lafiya da koyarwa, masu tuba kuwa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. A 1913 waɗansu daga cikin Isawa, zuriyar almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano, suka zo neman ƙarin bayani a kan Isa Almasihu. Aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, kowa ya ce ga amsar addu'a ta zo. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kwashe mutane da yawa, sauran suka watse. A idon ɗan adam aikin ya mutu ke nan. Duk da haka waɗanda suka tsira ba su yar da bangaskiyarsu ba. A 1929 aka gina majami'ar Bartalamawas a Wusasa, a 1932 kuma Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa dungum, shekara 32 bayan korar Kano. Daga makarantar Wusasa ɗin nan Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci jami'ar da ke nan Samaru daga 1966 zuwa 1975. Waɗanda aka binne a Gimi ba su ga ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Dattawanmu kuma ba su manta da watan Maris 1987 ba, lokacin da rikicin Kafanchan ya iso Zariya aka ƙone majami'u. Ikkilisiya ta yi sujada a fili cikin toka, daga baya aka sake ginawa da baikon talakawa, bulo bayan bulo.

Abin da ke damunmu yanzu shi ne yadda gajen haƙuri ke tura waɗansu 'yan'uwa wurin masu sayar da mai da ruwan albarka, masu cewa ka ba da kuɗi kaza ka ga al'ajibi kafin kwana 7. Sarki Saul ma kwana 7 ya jira a Gilgal. Da ya ga jama'a na watsewa, Sama'ila bai iso ba, sai ya miƙa hadayar da ba aikinsa ba ce, yana gamawa ga annabin ya iso. Gaggawar nan ce ta raba gidansa da sarauta. Mutumin da ya kai kuɗin makarantar 'ya'yansa wurin irin waɗannan masu wa'azi, wahala biyu ya haɗa wa kansa.

Jiran da muke nufi irin na manomi ne a watan Afrilu. Ba shi da ikon sauko da ruwa, amma yana sharar gona, yana kai taki, yana tanadin iri. Saurayin da ke jiran takardar ɗaukar aiki ya koyi sana'a a Sabon Gari, kada ya ji kunyar takardar shaidarsa, ya kuma riƙe addu'ar safiya.

Muna roƙon fastoci da dattawa da Zumuntar Mata su duba kujerun da suka zama wofi ran Lahadi. Sau da yawa mai kujerar bai yi ridda ba, gajiya ce da kunyar zuwa hannu wofi lokacin baiko. A je gidansa cikin makon nan, a tafi da mudun masara, a yi addu'a tare da shi.