Girkin baƙi a kasuwar Agyaragu

Kasuwar doya ta Agyaragu, kusa da Lafiya, tana tara Migili da Eggon da Tibi da Fulani da Hausawa da Ibo. Sakwarar Tibi, nonon Fulani, masar Hausawa da akpun Ibo duk suna da masu saye.

Irin wannan haɗuwar girke-girken baƙi ta faru a Isra'ila ma. Bayan 1948, Yahudawan Iraki sun kai amba, miyar mangwaro mai tsami, na Tunisiya kuma suka kai shakshuka, wato ƙwai cikin tumatir. Marubuta sun tattara tarihin waɗannan girke-girke a littattafai.

Haka nan ya kamata Jami'ar Tarayya ta Lafiya ta tura ɗalibai wurin tsofaffin masu abinci a Agyaragu, su rubuta asalin kowane girki da yadda ake haɗa shi.